Will, shall ko going to? Yadda ake maganar gobe da Turanci ba tare da tuntuɓe ba

Duk shekara dubban ɗaruruwan ɗalibai ne a Najeriya ke rubuta jarabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, kuma darasin da babu mai kauce masa shi ne Turanci. Kusan duk kwas ɗin da mutum zai nema a jami'a sai ya nuna kiredit a wannan darasi. A jarabawar JAMB kuwa, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne ya tashi da 40.

Bayan makaranta ma bai bar mutum ba. Da shi ake rubuta takardar neman aiki, da shi ake intabiyu, da shi banki ke turo saƙo, da shi ake ƙulla yarjejeniyar hayar gida ko ta shago.

Daga cikin wuraren da aka fi yin tuntuɓe akwai maganar abin da bai faru ba tukuna, wato abin da littattafan makaranta ke kira "simple future tense". A nahawun Hausa shi ne ake kira lokaci na gaba. Da yawa suna ɗaukar sa a matsayin mafi sauƙi: ka sa "will" ka wuce. Amma a nan ne maki ke zubewa, a nan ne kuma ake sa hannu a takardar da ba a fahimce ta ba.

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne, yawancin ƙa'idojin nan suna da takwarorinsu a harshen da ya tashi da shi. Wanda ya san bambancin "zan zo" da "idan na zo" ya riga ya ci rabin tafiya.

Yadda ginin yake

Aikatau na Turanci ba shi da wata siffa ta musamman ta lokaci na gaba. Yana da siffar yanzu, kamar "go", da ta abin da ya wuce, kamar "went". Idan ana son maganar gaba sai a ɗauko wata kalma ta taimaka, kuma wadda aka fi ɗaukowa ita ce "will".

Ginin bai wuce abu uku ba: mai aikin, sai "will", sai aikatau tsurarsa, ba ƙari ba ragi. "I will go" na nufin zan tafi. "She will go", za ta tafi. "They will go", za su tafi.

A nan Turanci ya fi Hausa sauƙi. Mu sai mun bi layi: zan, za ka, za ki, zai, za ta, za mu, za ku, za su. Shi kuwa "will" ba ya sauyawa ko wane ne mai aikin.

Kurakurai huɗu ne suka fi yawa a wannan mataki, kuma duk daga taɓa aikatau suke fitowa. Na farko, ƙara masa harafin "s", a rubuta "he will comes" maimakon "he will come". Na biyu, sa siffar abin da ya wuce, "I will came". Na uku, "I will going", wanda ya haɗa gini biyu da ba sa haɗuwa haka. Na huɗu, jera "will" da "can". Bahaushe na cewa "zan iya", sai ɗalibi ya bi kalma bayan kalma ya rubuta "I will can". Turanci bai yarda da wannan ba. Daidai shi ne "I will be able to".

Korewa da tambaya

Hausa na kore jimla da "ba" guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: ba zan zo ba. Turanci na sa "not" guda ɗaya bayan "will": "I will not come". A magana ana gajarce shi ya koma "won't".

Wannan gajeriyar kalma na jawo rikici saboda ta yi kama da "want" a kunne. "I won't go" na nufin ba zan je ba, "I want to go" kuwa ina so in je. Ma'anar kishiyar juna ce. Abin da zai cece ka shi ne kalmar "to": tana bin "want", ba ta taɓa bin "won't".

Wajen tambaya, Bahaushe ba ya motsa kalmomi. "Za ka zo" da "Za ka zo?" murya ce kawai ta raba su, ko a ƙara "shin" a farko. A Turanci sai "will" ya tsallako gaban mai aikin: "Will you come?" Haka ma idan akwai kalmar tambaya: "When will you come?", ba "When you will come?" ba, wanda ya zama ruwan dare a saƙonnin WhatsApp.

Amsa a taƙaice ita ce "Yes, I will" ko "No, I won't". Ba a cewa "Yes, I'll". Gajarcewa irin su "I'll" da "we'll" na magana ne da saƙon abokai. A wasiƙar neman aiki ko ta hukuma a rubuta kalmomin a cike.

Will da going to

Turanci na da wata hanya ta biyu, wato "going to". A littafi sukan zo tare kamar abu ɗaya ne, amma masu harshen na jin bambancinsu.

"Will" na fitowa idan a lokacin maganar aka yanke shawara. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, ka miƙe ka ce "I'll open it". Shi ne kuma na alƙawari: "I will pay you on Friday", zan biya ka ranar Juma'a. Shi ne na tayin taimako, da na hasashen da ke kan ra'ayi, kamar mai kallon ƙwallo ya ce "I think Kano Pillars will win".

"Going to" kuwa na abin da aka riga aka ƙudura ne tun kafin a buɗe baki: "I am going to study nursing". Ana kuma amfani da shi idan alama ta riga ta bayyana. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, iska ta taso, sai a ce "It is going to rain".

Wani abin sha'awa shi ne Hausa ma ta wannan hanya ta bi. Idan aka tambayi mutum "Ina za ka?" ya ce "Za ni kasuwa", babu wani aikatau a jimlar sai "za" ɗin kansa, kuma tafiya yake nufi. Masana harshe na danganta "za" na lokaci na gaba da wannan "za" na tafiya. Ke nan kalmar tafiya ce ta zama alamar gaba, kamar yadda "going" ya zama a Turanci. Turancin buroka ma "I go come" yake cewa. Ɗaliban Jamhuriyar Nijar sun san irinsa a Faransanci, inda "je vais manger", zan ci abinci, ya ginu a kan aikatau na tafiya.

Akwai ƙarin hanyoyi biyu da ya kamata a sani. Abin da ke kan jadawali ana faɗin sa da siffar yanzu: "The train leaves at ten", jirgin ƙasa zai tashi ƙarfe goma. Abin da aka tsara da wasu, aka sa rana, ana faɗin sa da siffar mai ci: "I am travelling to Zaria tomorrow".

Hausa tana da lokaci na gaba na biyu, irin na "ma gani", "kya ji", "kwa yi bayani". Turanci ba shi da wannan siffa. "Ma gani" kan koma "We'll see", sauran kuma murya ko kalmomi irin su "probably" ke ɗaukar nauyin.

Tarkon "idan"

Wannan shi ne wurin da masu tsara tambayoyin jarabawa suka fi so. Ƙa'idar ta ce ba a sa "will" a sashen jimlar da ke nuna sharaɗi ko lokaci, wato bayan "if", "when", "before", "after", "until", "unless" da "as soon as", ko da kuwa maganar gobe ake yi.

Daidai shi ne "I will call you when I arrive". Kuskure shi ne "when I will arrive".

Haddar jerin kalmomin na da amfani, amma akwai hanyar da ta fi: juya jimlar zuwa Hausa. Babu Bahaushen da zai ce "zan kira ka idan zan iso". Cewa yake "zan kira ka idan na iso". "Za" sau ɗaya ya fito, don haka "will" ma sau ɗaya zai fito.

Wannan gwaji na aiki har a wurin da ƙa'idar littafi ke rikita ɗalibi. "I don't know when he will come" daidai ne, duk da "will" ya biyo "when". Dalili? A Hausa ma "ban san lokacin da zai zo ba" muke cewa. Haka "I don't know if she will agree", ban sani ba ko za ta yarda. Idan "if" ya fassaru da "ko", ana iya sa "will". Idan ya fassaru da "idan", a bar shi.

Sai dai a kula da wuri guda. "Idan na iso" siffar shuɗaɗɗen lokaci ce a Hausa, shi ya sa wasu ke rubuta "when I arrived, I will call you". Turanci siffar yanzu yake so a wurin: "arrive", ba "arrived" ba. Kuma jimla irin "idan za ka kasuwa ka sayo min gishiri" da "If you are going to the market" ake fara ta.

Ina labarin shall?

Waɗanda suka yi makaranta shekaru da dama da suka wuce an koya musu cewa "I" da "we" da "shall" suke tafiya, sauran kuma da "will". Ana danganta rubuta wannan ƙa'ida ga John Wallis, masanin lissafi a Jami'ar Oxford ta Ingila, a littafin nahawun Turanci da ya wallafa da harshen Latin a 1653.

Asalin kalmomin biyu ya bambanta. A tsohon Turanci "will" so ko nufi yake nufi, shi ya sa har yau wasiyya sunanta "will". "Shall" kuwa daga kalmar bashi da wajibi ya fito.

A yau "will" ya mamaye kusan ko'ina a maganar yau da kullum, a Ingila da Amurka. "I will" daidai ne, ba wanda zai ci gyaranka. "Shall" ya rage a wurare uku. Na farko, tayi ko neman shawara: "Shall we start?", mu fara? "Shall I help you?", in taimaka maka? Na biyu, jawabi mai nauyi, kamar alƙawarin Janar Douglas MacArthur na Amurka bayan ya bar ƙasar Filifin a 1942, "I shall return", alƙawarin da ya cika a watan Oktoban 1944. Na uku, kuma mafi muhimmanci ga talaka, harshen doka.

Inda kalma ɗaya ke ɗaure mutum

A doka da yarjejeniya, "shall" ba labarin gobe yake bayarwa ba, wajibi yake ɗorawa. Idan takardar haya ta ce "The tenant shall pay", ma'anarta dole ne ɗan haya ya biya. Idan ta ce "The landlord may repair", mai gida na da zaɓi, ya gyara ko ya bari. Duk wanda zai sa hannu a takarda ya tsaya ya duba wa aka rataya wa "shall", wa aka bai wa "may".

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 cike yake da wannan kalma. Sashe na 35 da "shall" ya yi amfani wajen cewa duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'o'i 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin lokacin da ya dace. Sashen ya fassara wannan lokaci da kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi cikin nisan kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai in kotu ta ga dalilin ƙari. Wanda ya karanta "shall" a nan a matsayin "wataƙila nan gaba" bai san haƙƙinsa ba.

Amma sai an karanta jimla har ƙarshe. Sashe na 18 ma da "shall" ya yi maganar ilimi kyauta, sai dai ya haɗa da sharaɗin cewa a lokacin da hakan zai yiwu. Sharaɗin ya rage wa kalmar kaifi.

Ko manyan ƙasashe sun taɓa cije wa juna a kan wannan kalma. A ranar 12 ga Disamban 2015, ana dab da amincewa da yarjejeniyar sauyin yanayi a birnin Paris, tawagar Amurka ta lura cewa a sashe na 4 an rubuta "shall" a inda daftarin baya ya ce "should", game da rage hayaƙin da ƙasashe masu arziki ke fitarwa. "Should" ya kamata ne, "shall" kuwa dole. Gwamnatin Barack Obama ta san cewa dole irin wannan zai iya sa sai an kai yarjejeniyar gaban Majalisar Dattawa, wadda 'yan adawa ke riƙe da ita. Sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya kai kuka wurin shugaban taron, Laurent Fabius na Faransa. Aka jinkirta zaman ƙarshe, aka ce kuskuren bugu ne, aka mayar da "should", sannan ƙasashe kusan 200 suka amince.

Karanta jarida da saƙon waya

Mai bibiyar labarai da Turanci zai lura kanun labarai ba su cika sa "will" ba. Don rage tsawo, "to" suke sawa. "Senate to probe contract" na nufin Majalisar Dattawa za ta binciki kwangila, ba ta riga ta bincika ba. Mutane da dama na yaɗa irin wannan kanu a Facebook a matsayin an yi an gama.

A cikin labarin kuma za a ga "would": "The governor said he would pay the arrears". Wannan ba sabon abu ba ne, "will" ne ya koma "would" saboda ana ba da rahoton maganar da aka riga aka yi. A Hausa "ya ce zai biya" ba ya sauyawa, shi ya sa sauyin ke yi mana baƙo. Akasin haka ma na faruwa: sanarwa da yawa a ƙasar nan na rubuta "The meeting would hold tomorrow", alhali "will" ne ya dace da abin da aka tabbatar.

A lokacin yaƙin neman zaɓe kuma, a bambanta "we will build" da "we hope to build" da "we may build". Na farkon ne kaɗai alƙawari.

Sai "za a" namu, wanda ba ya faɗin mai aikin. Takwaransa shi ne "will be" tare da siffa ta uku ta aikatau. Za a biya albashi, "Salaries will be paid", ba "will be pay" ba. Da wannan gini tallan aiki ke rufewa: "Only shortlisted candidates will be contacted", waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa. Da shi kuma 'yan damfara ke tsorata mutane: "Your account will be blocked". Barazanar abin da bai faru ba ce, don a sa ka gaggawa. Banki ba ya neman lambar sirrin katinka ta saƙo ko ta kiran waya.

Ƙananan abubuwa masu tona asiri

Hausa na da gobe, jibi, gata, citta da baɗi. Turanci na da "tomorrow" kawai, sauran sai an kewaya. Jibi shi ne "the day after tomorrow". "Next tomorrow" da ake ji a titi Turancin Najeriya ne, mai duba takardar jarabawa zai ja masa jan layi. "Nan da kwana uku" shi ne "in three days". Baɗi kuwa "next year", kuma ba a sa "in" ko "on" a gabansa.

"Ina zuwa" da muke faɗi yayin da muke fita shi ne ya haifi "I am coming" na mai juya baya yana tafiya. A nan gida kowa ya gane, amma baƙo zai tsaya yana kallon ka. Abin da zai fahimta shi ne "I'll be right back".

Ga wanda ba ya iya maganar gobe ba tare da "in sha Allah" ba, Turanci na da "God willing", kuma ba ya taɓa ginin jimla: "I will come tomorrow, God willing".

Gwada kanka

Ga jimloli biyar, kowace da kuskure ɗaya. Gyara su kafin ka duba ƙasa.

1. She will writes the exam next week.
2. When you will return my book?
3. If it will rain, we will plant maize.
4. I will can finish the work on Monday.
5. The results will be release in August.

A ta farko a cire "s", ta koma "will write". A ta biyu "will" ya dawo gaban "you". A ta uku a ce "If it rains", domin a Hausa "idan aka yi ruwa" ne. A ta huɗu "can" ya koma "be able to". A ta biyar a ce "will be released".

Wanda ya faɗi ɗaya ko biyu ya ɗauki mako guda, kowane dare ya rubuta jimloli biyar a wayarsa kan abin da zai yi washegari: ɗaya da "will", ɗaya da "won't", ɗaya da "going to", ɗaya tambaya, ɗaya kuma mai farawa da "if" ko "when". Ya fara rubuta kowace da Hausa, ya ƙirga sau nawa "za" ya fito, sannan ya juya ta zuwa Turanci.